Neman Takardar Iya: Rabuwar Aure a Kundin Alƙalan Daura

Ana gab da faɗuwar daminar 2019 aka tara mu a zauren gidan kakanmu, a wani ƙauye da ke tsakanin Daura da Zango, domin rabon gonar da ya bari tun shekaru masu yawa. Ana cikin lissafin magada sai wani daga cikin 'yan uwanmu ya gyara zama, ya ce mahaifina, Allah ya jiƙansa, ba shi da rabo, wai don an haife shi ne a cikin aure kan aure. Zauren ya yi tsit. Gonar ba ta kai a yi rigima a kanta ba, amma maganar ta taɓa asalin mahaifina da mutuncin matar da ta haife shi, wadda muke kira Iya, alhali dukansu biyu suna ƙarƙashin ƙasa, ba su da bakin kare kansu.

Abin da kowa ya sani a gidanmu shi ne, kafin kakanmu Iya ta auri wani mutum wanda ya tafi aikin Hajji a ƙasa, kamar yadda talakawa da yawa suke yi a wancan zamani. Sukan bi ta ƙasar Barno su ratsa Cadi su shiga Sudan, suna tafe suna ƙwadago, wasu su yi shekaru a gonakin audugar Jazira suna tara guzuri, wasu kuma can zama ya kama su har mutuwa. Mijin Iya ya tafi, babu wasiƙa, babu aike. Ita da bakinta ta sha gaya mana cewa ta kai ƙara gaban alƙali a shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna, wato 1956, aka raba auren, ta yi idda, sannan ta auri kakanmu. Ta ce an ba ta 'yar takarda, amma gobarar da ta cinye ɗakinta ta haɗa da ita. Na bar zauren nan da niyyar nemo asalin wannan takarda a littafin kotu. Neman ne ya kai ni ga tarihin da nake son bayarwa.

Saki a baki, ƙara a rubuce

Darasin farko na same shi wurin wani tsohon magatakardan kotu da aka kwatanta mini gidansa a cikin birnin Daura. Bayan mun gaisa na faɗa masa abin da ke tafe da ni, sai ya tambaye ni: "Yaro, shi ya sake ta, ko ita ta kai ƙara?" Na ce, "Baba, ita ta kai." Ya ce, "To, da sauran fata. Da shi ya saki, da sai in ce ka koma gida ka huta."

Ya yi mini bayanin cewa a mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan ƙasar Hausa suke hukunci da ita daga littattafai irin su Risala da Muhtasar na Halilu da Tuhfa, miji ba ya bukatar alƙali kafin ya saki matarsa. Furuci ya wadatar, in ya so ya rubuta 'yan layuka a takarda ya miƙa mata ta kai wa iyayenta. Irin wannan saki, wanda shi ne mafi yawa, ba ya barin sawu a kowane ofis. Mace kuwa, in tana neman fita daga auren da mijin ya ƙi sakinta, hanyarta ita ce gaban alƙali. Tana iya neman hul'i, ta mayar da sadaki ko abin da aka daidaita a kai. Tana iya kawo shaidun cutarwa, kamar duka ko zagi mai muni, alƙali ya raba auren ba tare da ta biya komai ba. Tana iya kukan rashin ci da sha da sutura. In rikici ya ƙi ƙarewa kuma ba a gane mai laifi ba, sai a naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginta, ɗaya daga danginsa.

Game da matar da mijinta ya ɓata, ya ce akwai hanya biyu. Idan ya bar mata dukiyar da za ta ci, alƙali zai bincika, sannan ya yanka mata shekara huɗu daga ranar da ta kawo ƙara, bayan haka ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Idan kuwa bai bar komai ba, za ta kawo shaidu, ta rantse, a ba da ɗan lokaci na jira, sannan a raba auren saboda rashin ciyarwa. Ya ce lalle ta wannan hanya ta biyu Iya ta bi, domin wanda ya tafi Makka da ƙafa ba ya barin rumbu cike.

Daga wannan hira na fahimci cewa littafin alƙali, a babin aure, galibinsa littafin mata ne. Tarihin Daura da muka tashi muna ji ya fara da mace da aure, wato Magajiya Daurama da Bayajida da rijiyar Kusugu, amma bayan nan sai jerin sunayen sarakuna da yaƙe-yaƙe. Matar talaka ba ta da wurin da aka rubuta sunanta da sunan ubanta da abin da ta faɗa da bakinta, in ba a wannan littafi ba.

Hannuwan da kundin ya ratsa

Alƙalanci ya daɗe a ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa, kuma jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ƙara masa ƙarfi. A farkon ƙarni na 19 Malam Isiyaku ya karɓi Daura da tutar Shehu, Sarkin Gwari Abdu ya fita, zuriyarsa kuma suka kafa sarautu a Zango da Baure. Kusan shekara ɗari ƙasar tana rabe gida uku, kowane da fadarsa da malamansa. A wancan lokaci ƙarfin hukunci yana ga shaidu. Alƙali ya yanke, jama'a sun ji, mai unguwa ya sani, limamin da zai ɗaura sabon aure ya tambaya an tabbatar masa.

Da Turawan Ingila suka ci ƙasar, sai suka mayar da sarautar Daura gidan Haɓe, suka ɗauko Malam Musa daga Zango. Dokokin kotunan gargajiya da Lugga ya kafa a 1900 da 1906 sun bar alƙalai a kan shari'ar aure da gado, amma sun ɗora musu sharaɗin rubuta kowace ƙara a littafi, domin jami'in Bature ya riƙa dubawa, kuma kuɗin kotu su shiga baitulmali. Bukatar sa ido da lissafin kuɗi ce ta haifi kundin, amma amfaninsa ya zarce nufin masu shi. Ana iya ganin darajar irin waɗannan littattafai a aikin Allan Christelow, wanda a 1994 ya wallafa fassarar shari'un majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914, waɗanda aka rubuta da Larabci. Rahotannin shekara-shekara na larduna, da ake ajiye da su a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna, suna nuna cewa shari'un aure na cikin mafiya yawa a kotunan alƙalai, sai dai su jimilla suke bayarwa, ba sunaye ba.

Wannan yawa bai zama abin mamaki ba ga wanda ya san zaman Hausawa na da. Auren fari iyaye ke zaɓa, yarinya ta yi biyayya, in zama ya ƙi ta yi yaji, a yi biko, in ya ƙi ƙarewa ta nufi alƙali, aure na biyu kuma ta zaɓa da kanta. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa ta ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ya nuna yadda mace takan yi aure fiye da ɗaya a rayuwarta ba tare da mutuncinta ya zube ba. Mijin marubuciyar, M. G. Smith, shi ne ya rubuta The Affairs of Daura a 1978, wanda ya bi tsarin sarautar Daura daki-daki. A Daura akwai ƙarin dalili, domin iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta raba dangi biyu. Miji yana iya ƙetarawa Magarya ko Damagaram, inda sammacin alƙalin Daura ba ya isa, ya bar mace tana jiran gawon shanu.

Shari'ar Iya ta faɗo ne a zamanin Sarki Abdurrahman, wanda ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966, lokacin kotuna suna hannun En'e. Daga nan kundin ya yi ta sauya iyayen gida. Tun a 1934 an cire Daura daga Lardin Kano an haɗa ta da Katsina. A 1960 aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Arewa. Dokar 1967, wadda ta fara aiki a 1968, ta karɓe kotuna daga hannun sarakuna da En'e ta mayar da su kotunan yanki a ƙarƙashin gwamnati. Daura ta shiga Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta koma Jihar Kaduna a 1976, sannan Jihar Katsina a 1987. A shekarar 2000 kuma kotunan Shari'a suka maye gurbin kotunan yanki. Kowane sauyi yana zuwa da sabon gini ko sabon ma'aikaci ko kwashe kaya, kuma a kowace ƙaura tsohuwar takarda ce ake fara mantawa da ita.

Abin da na samu

Bayan na rubuta takardar neman izini, an bar ni na shiga wani ɗakin ajiya a ɗaya daga cikin garuruwan masarautar. Littattafan suna jibge a ƙasa, an ɗaure wasu da igiya, gara ta ci gefen wasu, ɗigon rufi ya manne shafukan wasu. Na yi kwana tara ina buɗawa, wani malamin zaure yana taya ni karanta na Larabci da ajami, ni kuma ina bin na boko. Tsarinsu kusan ɗaya ne: kwanan wata, sunan mai ƙara da wanda ake ƙara, abin da ta ce, abin da ya ce, shaidu, hukunci, da kuɗin da aka biya. Layi biyar ko shida sun ɗauke rayuwar mace guda. Wata ta ce shekara uku ba ta ga ƙwayar hatsinsa ba. Wata ta ce a karɓi sadakinsa a ba shi, ita dai ta gaji. Wata an sulhunta su ta koma ɗakinta, bayan 'yan shafuka sai ga sunanta ya sake fitowa.

Littafin 1956 ban same shi ba. Na samu na shekarun da ke gabansa da na bayansa, shi kuwa babu wanda ya san inda ya shiga.

Na koma wurin tsohon magatakarda jiki a sanyaye. Ya ce, "Yaro, kafin a yi takarda da me ake shari'a?" Ya tuna mini cewa malaman Malikiyya sun yarda da shaidar ji a kan al'amuran da suka daɗe, irin su aure da nasaba da mutuwa, wato adilai biyu su shaida cewa tun tasowarsu haka suke ji a bakin mutanen kirki da sauran jama'a. Muka nemo dattawa biyu da suka haura shekara tamanin. Ɗayansu ma ya ce da shi aka ci goron ɗaurin auren Iya da kakanmu, kuma liman bai shafa fatiha ba sai da aka nuna masa takardar alƙali. A gaban dagaci da limamin gari suka faɗi haka, wanda ya tayar da maganar ya janye, ya nemi gafara, aka raba gona. Kafin shekara ta zagayo ɗaya daga cikin dattawan nan ya rasu. Da rabon ya ƙara jinkiri kaɗan, da ba mu da littafi, ba mu da shaida.

Kammalawa

A yau matar da ke neman rabuwa a Daura ko Mai'aduwa ko Sandamu ko Zango ko Baure takan je wurin rajistaran kotun Shari'a ta faɗi kukanta, ta biya kuɗin sammaci, a kira mijin. Alƙali yakan fara da neman sulhu, in ya gagara ya saurari shaidu ya yi hukunci, wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina. Wanda ya yi auren rajista kuwa, Babbar Kotu ce ke raba shi bisa dokar 1970. Hanyar a buɗe take, amma raunin da ya kusa cin mutuncin Iya yana nan: sakin baki ba ya shiga ko'ina, na kotu kuma yana kan takardar da gara da ruwa suke jira.

Shawarata ga duk macen da aurenta ya mutu, da waliyyinta, ita ce a nemi shaida a rubuce mai kwanan wata da sunayen shaidu, in ta kotu ce a karɓi kwafin hukunci, a ɗauki hotonsa, a ajiye a wuri fiye da ɗaya. Ranar da za a bukace ta tana iya zuwa bayan shekara sittin, a bakin jikokin da ba a haifa ba tukuna. Ga masarauta da ma'aikatar shari'a da jami'o'inmu kuma, ina roƙon a tattara tsofaffin littattafan alƙalai, a ɗauki hotonsu shafi-shafi, a tsara su bisa shekara da gari, tare da kiyaye sirrin iyalan da sunayensu ke ciki. Muna alfahari da Kusugu, muna kai baƙi su sha ruwanta. Littattafan nan ma gadon Daura ne, kuma har yanzu akwai tsofaffin magatakarda da malaman zaure masu iya karanta rubutun da ke cikinsu. Ya kamata a yi aikin tun suna raye.