Yadda Majalisar Kaduna Ta Tsige Gwamna A 1981

 Waɗanda muka yi aji huɗu tare za su tuna ranar 23 ga Yuni, 1981, da muka yi cincirindo a kan rediyo guda a ɗakin kwana, muka ji wai an tsige gwamna. Ni dai abin ya ɗaure mini kai. Cikin mulkin soja muka tashi, daga Legas ake naɗa gwamna, daga can kuma ake cire shi. To, ina 'yan majalisar jiha suka sami wannan ƙarfi?

Washegari malaminmu na darasin gwamnati, Allah ya jiƙansa, ya ajiye abin da ya shirya, ya shigo da kundin tsarin mulkin 1979. Ya nuna mana cewa a tsarin tarayya ikon jiha ba aro ba ne daga shugaban ƙasa. Soja da kuɗin ƙasa da hulɗa da ƙasashen waje na tarayya ne ita kaɗai. Akwai abubuwan da ake tarayya a kansu, saura kuwa na jiha ne. Majalisar jiha ke yin doka, ita ke amincewa da kasafin kuɗi, kuma gwamna ba ya naɗa kwamishina sai da yardarta.

Nan gizo ya yi saƙa a Kaduna, wadda a lokacin ta haɗa har da Katsina. A zaɓen 1979 jama'a suka ba Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP gwamna, amma NPN ta kwashe rinjaye a majalisa. Sau da dama ya aika sunayen kwamishinoni zauren Lugard Hall, ana maido masa. Haka ya yi mulkin kusan shekara biyu ba kwamishina ko ɗaya. Daga bisani suka bi sashe na 170: aka kawo tuhuma, kakakin majalisa Mamman Abubakar Ɗanmusa ya kafa kwamitin bincike na mutum bakwai, aka kaɗa ƙuri'a. Mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau. Da aka je kotu, ta ce ba ta da hurumi, don sashen kansa ya toshe mata ƙofa.

A ganina an bi harafin doka, amma adalci da saura, tunda shugaban masu tuhuma shi ya zaɓi masu bincike. Na san a cikinmu akwai waɗanda har gobe ba za su yarda da ni ba, mun sha wannan gardama a ɗakin cin abinci. Sai dai kundin 1999, a sashe na 188, ya karɓe naɗa kwamitin daga hannun kakaki ya ba babban jojin jiha. A 2006 ma kotu ta soke tsige Rashidi Ladoja na Oyo saboda ba a bi ƙa'ida ba, ya koma kujerarsa. Balarabe bai sami wannan dama ba. Ya rasu a 2020.