Matar Da Ta Kori Mugun Mafarki

Uwargida, ko kin taɓa mafarkin ana bin ki a guje, sai can zuciyarki ta ce miki, "Kai, wannan fa mafarki ne"? To ba ke kaɗai ba ce, kuma abin ba yau ya fara ba. Fiye da shekara 2,300 da suka wuce, masanin nan na ƙasar Girka, Aristotle, ya rubuta cewa wani sa'in mai barci yakan gane mafarki yake yi.

Amma wadda nake so ki sani ita ce wata baturiyar Ingila mai suna Mary Arnold-Forster. Baiwar Allahn nan mugun mafarki ya dame ta, sai ta samo dabara. Da rana, da lokacin da za ta kwanta, takan yi ta nanata wa kanta cewa in abin tsoro ya zo, ta tuna mafarki ne. Sannu a hankali maganar ta bi ta har cikin barci, da tsoro ya taso sai ta tuna, mafarkin ya watse. A 1921 ta fitar da littafi a kan haka.

Masana da yawa ba su gamsu ba, gani suke ai mutum farkawa yake yi bai sani ba. Sai a 1975, a Jami'ar Hull ta Ingila, Keith Hearne ya gwada. Ya san cewa lokacin mafarki jiki yakan saki amma ido yana motsi. Ya shirya da wani mutum, Alan Worsley, cewa in ya gane yana mafarki ya juya idonsa hagu da dama. Na'ura ta nuna alamar, alhali mutumin yana sharar barci.

A 2018 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta sa wannan hanya cikin waɗanda za a iya gwadawa ga mai fama da mugun mafarki.

Sai dai 'yar'uwa, kada garin neman gira a rasa ido. Wasu har agogo suke sawa ya tashe su tsakar dare don su sami irin wannan mafarki, su wayi gari da ciwon kai ga aikin gida yana jira. Dabarar Mary ba ta hana barci, ita za ki gwada. In kuwa mafarkin ya biyo bayan wani tashin hankali da kika gani, ko ya hana ki runtsawa, to ki je asibiti. Allah Ya ba mu barci mai daɗi.