Daga Dodo Zuwa Arodan: Yadda Iyayenmu Suka Yi da Rigimar Yara a Sabon Ibadan

Yau ina so mu waiwayi wani ɓangare na tarihinmu da ba a cika rubuta shi ba. Duk lokacin da aka tashi maganar Hausawan Badun, abin da ake kawowa shi ne goro da shanu da sarauta. To amma fataken nan sun haifi 'ya'ya a nan, 'ya'yan kuma sun yi birgima a ƙasa, sun ƙi cin tuwo, sun kafe sai an tafi da su kasuwa. Yaya aka yi da su? Ni ɗan mai sayar da goro ne, a Sabo aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina, kakana ne ya sauko daga ƙasar Kano a jirgin ƙasa. Abin da zan kawo na tattaro shi ne daga bakin kakata da tsofaffin unguwa, da ɗan abin da na karanta, da kuma wanda aka yi a kaina.

Kafin mu zo kurmi, bari mu fara da gida. A ƙasar Hausa ta da, tarbiyyar yaro aiki ne da aka raba wa dangi, kowa da nasa kason. Uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Uba kuwa kwarjini ne nasa, gyaran muryarsa daga zaure ya isa. Wasa da zolaya na kakanni ne: kaka ta kira jikanta mijinta ta ce ya kawo kuɗin cefane, ta kira jikanyarta kishiya ta ce za ta ƙwace mata miji. Akwai taubasai, akwai goggo da kawu, waɗanda yaro zai ruga wurinsu idan ya yi laifi. Baba ta Karo, wadda aka haifa a 1877, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, littafin ya fito a 1954, kuma duk wanda ya karanta shi zai ga wannan tsari na kunya da wasa da riƙo. Ita kanta Baba ba ta haihu ba, amma ta reni 'ya'yan dangi. Ma'ana dai, mai tsawatarwa daban, mai zolaya daban, mai ceto daban.

To sai jirgin ƙasa ya zo. Ya iso Badun daga Ikko a 1901, a 1912 kuma aka buɗe hanya har Kano. Shanu suna saukowa, goro yana hawa. Da farko Hausawa a cikin gari suke sauka, a gidajen Yarbawa, har zuwa 1916 da aka keɓe musu Sabo. Wanda ya zo fatauci yakan zo ne shi kaɗai, in ya zauna da gindinsa ya ɗauko mata daga gida ko ya aura a nan. Tsoffinsa da yayyensa da ƙannen uwarsa duk suna can. Wato an taho da yara da iyaye, an baro masu zolaya da masu ceto a Arewa.

Ga kuma wani abu. Abner Cohen, malamin jami'a daga Ingila da ya zauna a Sabo a 1962 da 1963, littafinsa ya fito a 1969, ya tarar da matan aure a kulle suna sana'a daga cikin gida, yara ne ke fita musu da talla. Kakata ta yi wannan zamanin, ƙosai da fura take yi. Takan ce a lokacin yaro shi ne ƙafar uwarsa: shi zai kai, shi zai karɓo, shi zai ƙirgo canji. Idan ka jibge shi da safe ya yi zuciya, wa zai ɗauki farantin? Idan kuma ka sake shi ya saba yawo, garin ba naka ba ne, yaren ma ba ka ji. Tsakanin waɗannan biyu ne wayo ya samu wurin zama. Uwar da ba ta da kaka a kusa dole ta zama ita ce mai tsawa, ita ce mai zolaya.

Wanne ne a cikinmu ba a yi masa na takalmi ba? Inna ta yafa mayafi za ta unguwa, ka riƙe mata zane kana ihu, ta ce, "To je ka sako takalminka, ina jiranka." Kafin ka gano ɗaya ƙafar, wadda tun farko an cusa ta ƙarƙashin gado, ta kai bakin titi. Sai na kuɗin barka da sallah: "Kawo in ajiye maka kada su faɗi." Ranar da ka tambaya a ce, "Shinkafar da kake ci fa, daga sama take faɗowa?" Akwai na ƙwallon lemo da zai tsiro maka a ka in ka haɗiye. Akwai na giɓi, wai in ƙadangare ya gani haƙorin ba zai fito ba, sai ka wuni baki a rufe gidan ya huta. Daren cika-ciki kuwa, a gidanmu cewa ake yi duk wanda bai ƙoshi ba zai shekara da yunwa, mai ƙin abinci ma ranar sai ya sha ƙari. Waɗannan yawancinsu da su aka taho daga gida.

Amma akwai wanda a nan aka koye shi, shi ne arodan. Wannan dabarar matan Yarbawa ce. Idan yaro ya addabi uwa tana aiki, sai ta aike shi wurin maƙwabciya ya karɓo arodan. Arodan kuwa ba wani abu ba ne da ake riƙewa a hannu, saƙo ne tsakanin manya: riƙe min yaron nan in numfasa. Maƙwabciya ta ce ya zauna tana nemowa, ko ta ce nata ya ƙare ya je gidan wance, wance ma ta tura shi gaba. Yana dawowa a gajiye, ya manta abin da yake wa kuka, tukunya kuma ta sauka. Innata ta yi min shi ya fi a ƙirga, wurin wata Iya mai sayar da amala ta wajen Mokola, wadda takan zaunar da ni a benci ta miƙo min ɗan nama ta ce arodan yana kan wuta. Ku duba abin da ke cikin wannan: Bahaushiya ta damƙa ɗanta a hannun Bayarbiya da kalma ɗaya, ita kuma ta gane ta riƙe amana. Maƙwabciya ta tsaya a gurbin goggon da ke Arewa. In ana rubuta tarihin zaman Hausawa da Yarbawa, ya kamata arodan ya samu shafinsa kusa da goro.

Sai batun tsoratarwa, kuma a nan ne zaman kurmi ya canja abin sosai. A gida, Dodo na cikin tatsuniya ne, ana kiransa da dare don yaro ya yi barci. A Badun dodo yana fitowa titi da rana tsaka. Lokacin Egungun, in an ce wa yaro "ga dodo nan", yana jin ganga da kunnensa, yana ganin bulala a hannun masu rakiya. Ololu, wanda ke fitowa wajen watan Yuli, bisa al'adar garin mace ba ta ganinsa, don haka iyaye mata kan tattara 'ya'yansu su rufe ƙofa. An kuma ari kalmar gbomogbomo, wato masu satar yara, aka jingina ta da duk wani lungu da ba a so yaro ya bi. Da irin waɗannan aka zana wa yaran Sabo iyaka tun ba su san hanya ba. Kuma tsoron iyayen ba na banza ba ne. A watan Yuli na 1999 rikici ya ɓarke a Shagamu kan fitar wata mace a daren Oro, aka yi asarar rayuka masu yawa, har ramuwar gayya ta kai Kano. A watan Fabrairu na 2021 mun ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a nan Badun. Baƙo yana renon ɗansa ne da ido ɗaya a kan ƙofa.

Idan wayo bai ci ba, yaro ya zube yana shure-shure, horon ma hawa-hawa ne. Da farko harara, wadda ɗan gidan kirki yake karantawa daga nesa. Sai a ƙyale shi kamar ba a san yana yi ba, kakata takan ce kukan da ba shi da 'yan kallo ba ya tsawo. In ya ƙi, a ɗaga muciya ko mafici, sau da yawa ba a sauke ba. Sai "bari Babanku ya dawo", wadda ta fi dukan kansa ciwo domin wuni za ka yi kana jira. Kamun kunne da tsallen kwaɗo da ranƙwashi suna nan su ma. Amma a cikin tsarin akwai ƙofar fita: yaro ya ruga gidan wani dattijo ko wurin matar mai gida, a riƙo hannunsa a dawo da shi a ce, "A yi haƙuri, ya tuba." Uba ba ya ƙin wannan roƙo, kuma sau tari shi ma jiran mai roƙon yake yi. Wanda ya gagari duk wannan, a kai ƙararsa wurin Malam a makarantar allo, inda dorina take. Hukunci na ƙarshe shi ne, "Za a kai ka Arewa." Ga ɗan haihuwar kurmi, wannan jumla ita ce babban dodo. Abin mamaki, ƙasar da iyaye ke kewa dare da rana, ita suka mayar abin razana 'ya'yansu, har wasunmu suka tashi suna jin gida kamar gidan yari.

Abubuwa uku suka sassauta wannan tsari. Na farko boko. Jihar Yamma ta fara ilimin firamare kyauta a 1955 zamanin Awolowo, amma mutanenmu ba su ruga ba, sai bayan shirin ilimi na ƙasa baki ɗaya na 1976 ne yaran Sabo suka yawaita a aji. Nan suka haɗu da pankere, tsumagiyar malaman Yarbawa, suka kuma iya Yarbanci fiye da iyayensu. Yaron da abokinsa ya fassara masa arodan, ba ka ƙara aikensa. Na biyu wa'azi. Malamai suka yi ta jan kunne kan camfi, suna tunatarwa cewa a hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, kiran yaro da alkawarin ba shi abu alhali ba za a ba shi ba, ƙarya ake rubuta wa mutum. Na san iyaye matan da suka daina na takalmi saboda wannan. Na uku watsewar zama. Iyalai da dama sun bar Sabo sun koma Ojoo da Shasha da Akinyele da gidajen haya inda ba ka san na kusa da kai ba, balle ka aika masa ɗanka.

Abin da ke damuna shi ne me ya maye gurbin. Inda aka rasa wayo aka rasa mai ceto, duka ne kawai ya rage, kuma duka ba ya da birki. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutane fiye da 300, har da ƙananan yara, wasu da sarƙa a ƙafa. A watan Nuwamba na shekarar aka buɗe wani a Ojoo, nan gefenmu, aka fito da mutum 259. Da yawansu danginsu ne suka kai su da hannunsu don a gyara musu hali. Dokar kare haƙƙin yara ta ƙasa ta fito tun 2003, Jihar Oyo ta yi tata a 2006, amma doka ba ta shiga tsakar gida ta riƙo hannun uba kamar yadda dattijon unguwa yake yi.

Zolayar ma ta canja fuska. A 2023 aka yi yayin fasa wa ƙananan yara ƙwai a goshi ana ɗauka ana sakawa a TikTok. Ko a unguwanninmu za ka ga an ƙwace wa yaro alewa, ko an ce masa za a bar shi a tasha, ana nuna shi da waya yana kuka ana dariya. Wayon iyayenmu, duk da ƙaryar da ke cikinsa, yana da dalili: a kashe rigima, a tsare yaro daga hanya, a sa shi ya ci abinci. A tsakar gida yake ƙarewa, kuma ranar da ka girma ka gane, da kai ake yin dariyar, har a aike ka ka raka ƙaninka neman arodan. Na waya kuwa don 'yan kallo ake yi, hoton kuma yana nan har yaron ya yi gemu.

Ba ina cewa a dawo da yaudarar yara ba, domin kuɗin sallar da ba su dawo ba sun koya wa da yawanmu ɓoye abu ga iyaye, malamai kuma sun yi gaskiya. Abin da ya cancanci a dawo da shi shi ne mutanen da ke bayan wayon: maƙwabciyar da za ta riƙe maka ɗa na awa guda in ranka ya ɓaci, da dattijon da zai shigo ya ce a yi haƙuri. Hausawa sun ce ɗa na kowa ne, kakanninmu kuma sun gwada hakan a garin da ba nasu ba, da mutanen da ba yarensu ɗaya ba, ya kuma yi musu aiki. Mu da muke shirin ajiye iyali yanzu, kafin mu sayi bulala, mu fara sanin sunan wanda ke ɗakin da ke kusa da namu.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya jiƙan magabatanmu da suka kafa mana wannan zango, Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu. Wassalam.