Subak: Yadda Manoman Bali Suka Shekara Dubu Suna Rabon Ruwa

Da daddare, ana gobe za mu fita, direban da muka ɗauka na yini guda ya zo masaukinmu a Ubud da 'yar takarda a hannu. Ya riga ya jera wuraren da ya saba kai baƙi: gonakin Tegallalang da sassafe, lilon nan mai tsayi da ake ɗaukar hoto a kai, gonar gahawa, haikali biyu, sai kasuwar tsaraba. Na karɓi biro na soke rabinsu. Na ce masa ni ruwa na zo gani, ya kai mu inda yake farawa, mu biyo shi har cikin gona.

Ya ɗan yi shiru yana dubana. "Pak Haji, kai manomi ne?" Na ce shekara ashirin da bakwai na yi ina malamin gona a wani shirin noman rani. Sai ya naɗe takardarsa ya sa a aljihu, ya ce ubansa ma manomi ne, kuma mu shirya ƙarfe shida, mu ɗauki rigar sanyi. Hajiya, abokiyar tafiyata, ta tambaye shi inda za mu yi azahar da inda za mu ci abin da hankali zai kwanta da shi. Ya ce kada ta damu, akwai gidan abincin Musulmi a hanya, da ɗakin salla a bayansa.

Tambayar da ta kawo ni tsohuwa ce a zuciyata. A wurin aikina na ga mutum ya kwana a bakin hanyar ruwa da adda a gefensa, don kada na sama da shi ya toshe masa cikin dare. Na ga maƙwabta sun daina gaisawa saboda fangali biyu. Wanda yake kan ruwa ba ya jin ƙishin wanda yake wutsiya, kuma duk takardar doka da muka rubuta ba ta sa ya ji ba. To ga Bali, wani tsibiri a Indonisiya, inda aka ce manoma sun fi shekara dubu suna raba ruwan kogi ɗaya daga kan dutse har bakin teku. Me ya hana na sama shanyewa?

Sunan tsarin subak. Ƙungiya ce ta duk manoman da gonakinsu ke sha daga madatsa ɗaya ko hanyar ruwa ɗaya, kuma akwai irinsu kusan 1,200 a Bali. Ba ruwanta da iyakar ƙauye: mutum yana iya zama ɗan gari kaza, amma gonarsa ta sa shi cikin subak ɗin wani wuri. Su ne ke zaɓen shugabansu, pekaseh, kuma suna da dokokinsu, awig-awig, waɗanda suka faɗi ranar aikin gayya, da tarar wanda ya ƙi fitowa, da hukuncin ɓarawon ruwa. A wurin taro babban gida da ƙaramin gida duk zama ɗaya suke yi.

Mun isa Kintamani rana ba ta gama ɗagowa ba, sanyi na ratsa riga. Daga bakin ƙaton ramin da dutse mai aman wuta ya bari, ana hango tafkin Batur a can ƙasa, shiru, hazo na kwance a kansa. Babu kogin da yake fita daga tafkin ta sarari. Mutanen Bali sun yi imani ta ƙarƙashin ƙasa yake bi ya ɓullo a idanun ruwan da ke shayar da gonakinsu, kuma a addininsu na Hindu tafkin na wata abar bautarsu ne mai suna Dewi Danu. Haikalinta, Pura Ulun Danu Batur, shi ne uwar haikalan ruwa. A da yana ƙasa ne, a gindin dutsen. A wani karo dutsen ya yi aman wuta, narkakken dutse ya zo har ƙofar haikalin ya tsaya, mutane suka ci gaba da zamansu. A 1926 ya sake yi, wannan karon ya binne ƙauyen, sai aka kwashe abin da aka iya tsira da shi aka hau bisa, aka sake gini inda yake yanzu.

A ƙofa aka ɗaura mini zani da ɗamara, don ba a shiga sai da su. Na tsaya a farfajiyar waje, inda baƙo irina ya kamata ya tsaya. Addininsu nasu ne, nawa nawa ne. Abin da ya ɗauki hankalina shi ne, duk kewayen nan lemu ne da gahawa da kayan lambu, ban ga gonar shinkafa ba. Wato babban wurin da manoman shinkafa ke kawo gaisuwa yana hannun mutanen da ba su da gona a cikin rigimar. Babban mai kula da haikalin, Jero Gde, tun yana yaro ake zaɓensa. Duk shekara, idan wata na goma na kalandarsu ya cika, wakilan subak masu yawa suna hawowa da kyautar amfanin gona, su koma da ruwan tsarki da suke kira tirta, su kai shi haikalin madatsarsu, daga nan zuwa ƙananan wuraren bauta na gonaki. Direbanmu ya ce yana yaro ya sha rako ubansa.

Daga nan muka gangaro Tampaksiring, zuwa Tirta Empul, inda ruwa yake ɓuɓɓugowa daga ƙasa cikin wani tafki da aka kewaye da katanga. Na daɗe a tsaye ina kallon baƙin yashi yana tashi yana juyawa a ƙasan ruwan kamar tukunya na tafasa, alhali ruwan sanyi ƙarara. An kafa wurin a wajen 962, zamanin sarakunan gidan Warmadewa. Baƙi sun yi layi a wurin wanka, waya a sama. Ni kuwa na zagaya ta baya na bi inda ruwan yake fita bayan ya gama da masu wanka, na ga ya shiga hanyarsa ya nufi kogin Pakerisan da gonaki.

A wannan kwarin tarihin yake da kauri. Rubuce-rubucen sarakunan Bali na ƙarshen ƙarni na 9 sun riga sun ambaci gonakin shinkafa, wani kuma na 896 ya ambaci magina ramin ruwa a matsayin masu sana'a ta kansu. Kalmar da ta zama subak ta bayyana a rubutun ƙarni na 11. Dalilin ramin kuwa a fili yake ga duk wanda ya leƙa kogin Bali. Koguna sun ƙwaƙule dutse sun nutse can ƙasa, gonaki suna bisa tudu. Dole a datse ruwan tun daga sama, a huda dutse da hannu, a bi da shi cikin duhu wani lokaci fiye da kilomita, har ya fito daidai kan tudun da ake so. A Gunung Kawi, bayan mun sauka matakala kusan 300, mun ga gine-gine goma da aka sassaƙa a jikin dutse a ƙarni na 11, kowanne tsayinsa kusan mita 7, waɗanda ake dangantawa da Sarki Anak Wungsu da gidansa. Suna da ban mamaki. Amma ni na fi tunanin mutumin da ya durƙusa cikin rami da fitila da gizago, yana auna gangara da ido, wanda ba a sassaƙa masa komai ba.

Turawan Holan da suka gama cin kudancin tsibirin a 1906 da 1908 sun yaba aikin ruwan, amma hankalinsu ya fi karkata ga haraji da madatsun siminti. Haikalan kuwa suka bar su a babin addini, abin da bai shafi injiniya ba. Wannan kuskuren ya daɗe, gwamnatin 'yancin kai ma ta gaje shi.

A 1966 cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin ta fitar da irin IR8, gajere, mai saurin nuna, mai son taki. Gwamnatin Shugaba Suharto ta Indonisiya tana da baki da yawa da za ta ciyar, sai ta rungumi sababbin iri da takin zamani da maganin feshi, ta ba da su bashi. A shekarun 1970 aka umarci manoman Bali kowa ya yi dashe da zarar ya girbe, sau biyu ko uku a shekara, kada ya jira kowa. Bukukuwa a ci gaba da yi, amma ranar shuka ta fita daga hannun haikali. Manoma suna da suna ga tsarin biyu: kerta masa, wato a shuka tare a huta tare, da tulak sumur, kowa da ranarsa.

Da farko rumbuna sun cika. Sai ƙwari suka zo. Wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai tsotse ruwan karan shinkafa, wereng, ya mamaye gonaki, aka kawo irin IR36 mai jure masa, sai cutar tungro ta biyo baya. Ana ƙara feshi, feshin yana kashe gizo-gizo da sauran masu cin ƙwarin, yana kashe kifin cikin gona. Ruwa kuma ya rikice, tunda kowa yana nema a rana ɗaya. Indonisiya ta kai ga ciyar da kanta da shinkafa a 1984, wannan gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san yunwa. Amma a 1986 Suharto da kansa ya hana amfani da magungunan feshi 57 a gonar shinkafa. Bankin Raya Asiya, wanda ya ba da kuɗin babban aikin ban ruwa na Bali tun 1979, ya amsa daga baya cewa ture tsohon tsarin ya jawo asara.

Wanda ya fito da dalilin fili wani Ba'amurke ne masanin al'adu, Stephen Lansing, a littafinsa na 1991. Shi da wani masanin muhalli, James Kremer, sun zuba subak 172 na kogunan Oos da Petanu cikin kwamfuta, da ruwan sama, da gudun kogi, da yaɗuwar ƙwari. Suka bar kowace subak tana kwaikwayon maƙwabciyar da ta fi ta girbi. Bayan 'yan shekaru na lissafi, rukunonin da suka haɗu a kan ranar shuka ɗaya suka fito kusan daidai da rukunonin haikalan ruwa na gaske.

A nan amsar tambayata take. Idan fili mai faɗi ya girbe tare, aka cika shi da ruwa aka bar shi ya huta tare, ƙwari da ɓeraye ba su da abin ci, sai su mutu. Idan kowa da ranarsa, kullum akwai ɗanyar shinkafa a gonar wani, sai su yi ta ƙaura suna hayayyafa. Amma idan duk kogin ya shuka rana ɗaya, ruwa ba zai isa ba. Saboda haka na ƙasa yana tsoron ƙishi, na sama yana tsoron ƙwari, ƙwaro kuwa ba ya bin gangara, yana hawa tudu. Na sama yana sakin ruwa ne domin na ƙasa ya yarda su haɗa kalanda. Haikalin shi ne zauren da ake ƙulla wannan yarjejeniya, da lissafin kalandarsu mai kwana 210, a gaban abin da kowannensu yake jin nauyinsa.

Na san irin umarnin nan na shekarun 1970, don ni ma na ɗauki makamancinsa a jaka na kai wa manoma a kan babur. Na karanta musu ranar shuka daga takarda, ban taɓa tambayar wani dattijo dalilin da ya sa kakanninsa suke jira ba. Da niyyar alheri muka yi, kuma wani abin ya amfane su. Amma wannan rashin tambayar yana damuna har yau.

A 2012 hukumar UNESCO ta sa subak cikin kayan gadon duniya: wurare biyar, kusan hekta 19,500, har da Batur, da kwarin Pakerisan, da gonakin Jatiluwih a gindin dutsen Batukaru, da haikalin Taman Ayun na sarakunan Mengwi. Sunan ya ƙaro baƙi. Otal-otal suna jan ruwa, ana sayar da gonaki a gina gidajen haya, kuma idan gona ɗaya a tsakiya ta zama bene, hanyar ruwan na bayanta ta shiga matsala. Direbanmu bai ɓoye ba: abin da yake samu a mota ya fi na gona nesa ba kusa ba, ga shi shekarun ubansa sun ja.

Bayan la'asar ya ajiye motar a gefen titi kusa da Pulagan, muka bi kan kunya a ƙafa, Hajiya tana riƙe da gefen mayafinta saboda laka. Ya kai mu wurin da hanyar ruwa ta rabu biyu. Wani gungumen itace ne aka gitta, aka yi masa tsaga biyu, ɗaya ta fi ɗaya faɗi, ruwan yana zubowa ta kan kowacce gwargwadon rabon gonakin da ke bayanta. Tembuku suke kiransa. Babu ƙofa, babu kwaɗo, duk mai wucewa yana ganin abin da kowa ya samu. A gefe an ajiye ɗan faifan ganyen kwakwa da furanni da turaren tsinke da ya ci rabi.

Wani dattijo ya taho da lauje a ƙugu, yana kora agwagi zuwa gonar da aka girbe. Na roƙi direban ya tambaye shi ko ana satar ruwa a nan. Dattijon ya ce ana yi mana, musamman idan rani ya yi tsanani. Na ce to me ake yi wa ɓarawon? Ya ce a kira sunansa a taro, ya biya tara, idan ya maimaita a toshe masa. Ya sunkuya ya zare wani ganyen ayaba da ya maƙale a ƙaramar tsagar, wadda ba ta gonarsa ba ce, ya jefar kan kunya, ya bi bayan agwaginsa.