Akantan da Ya Hau Dandamali da Harshen Titi: Tarihin Gratien Gélinas

A shekarar 1937 wani ma'aikacin kamfanin inshora a birnin Montiriyal ya ajiye littattafan lissafi, ya ce shi kam daga yau wasan rediyo ne sana'arsa. Shekararsa 27, yana da mata, kuma ƙasar ba ta gama farfaɗowa daga karayar tattalin arzikin 1929 ba. Duk mai hankali zai ce masa ya riƙe albashinsa da hannu biyu. Sunansa Gratien Gélinas, kuma shi ne mutanen Kebek suka wayi gari suna kira uban wasan kwaikwayonsu.

Kafin a gane abin da ya yi, sai an san inda ya tsaya. Kebek lardi ne a gabashin Kanada da yawancin mutanensa Faransanci suke yi, jikokin waɗanda suka ƙauro daga Faransa tun ƙarni na 17. Ingila ta ci ƙasar da yaƙi a 1759 da 1760, Faransa kuma ta sallama ta a yarjejeniyar 1763. Daga nan masu Faransancin suka zauna tsakanin iyayengiji biyu. Kuɗi da manyan kamfanoni suna hannun masu Ingilishi. Makaranta da asibiti da gidan marayu da ɗaurin aure suna hannun Cocin Katolika. Akwai kuma ubangida na uku wanda ba a ganinsa, wato birnin Paris, wanda shi ke yanke hukunci kan wane Faransanci ne mai kyau. Idan mutumin Montiriyal ya sayi tikiti ya shiga gidan wasa na masu aji, labarin Paris zai kalla, da lafazin Paris, ko da kuwa ɗan wasan maƙwabcinsa ne. Maganar da ake yi a masana'anta da kicin da bakin titi tana da wurinta a gidajen barkwanci na talakawa, amma ba wanda ke lissafa ta cikin adabi.

An haifi Gélinas ranar 8 ga Disamba, 1909, a Saint-Tite, wani ƙaramin gari a yankin Mauricie. Yana ƙarami iyayensa suka koma Montiriyal. Ya yi karatu a kwalejin da limaman coci ke gudanarwa, a nan kuma ya fara hawa dandamali cikin wasannin ɗalibai. Karayar 1929 ta datse masa hanyar karatu mai zurfi, ya kama aiki a kamfanin inshora na La Sauvegarde, yana lissafi da rana, yana wasa da 'yan ƙungiyar sha'awa da dare.

Rediyo ce ta buɗe masa ƙofa. Jaridar La Presse ta kafa tashar CKAC a 1922, ita ce ta farko mai watsa shiri da Faransanci a Amurka ta Arewa. Abin da ya bambanta rediyo da gidan wasa shi ne mai biyan kuɗin. Ɗan kasuwar da ya ɗauki nauyin shiri ba ruwansa da ra'ayin masanan Paris, so yake matar gida ta kunna akwatinta ta ji sunan hajarsa. Matar gida kuwa ta fi sauraron wanda ke magana kamar ƙaninta. Ta wannan kafa maganar gida ta sulale ta shiga iska. A tsakiyar shekarun 1930 marubuci Robert Choquette ya fara wani dogon wasa a CKAC mai suna Le Curé de village, labarin limamin cocin wani ƙauye, Gélinas kuma ya samu gurbi a ciki.

A 1937 aka ba shi nasa shirin, Le Carrousel de la gaieté, a nan ya haifi Fridolin. Fridolin yaro ne ɗan unguwar talakawa a gabashin Montiriyal, mai baki kamar reza, mai buri ya fi ƙarfin aljihunsa, kullum yana ƙulla dabara tana warware masa. Da aka kai shi dandamali sai mutane suka ga kamanninsa: gajeren wando, hula hana-salla, danƙon harbin tsuntsu, da suwaitar ƙungiyar Canadiens masu wasan hoki na kan ƙanƙara. Wannan suwaita kaɗai ta isa ta gaya wa 'yan kallo ɗan gidan wa ne, domin ƙungiyar ita ce abin alfaharin masu Faransanci a birnin.

Dabarar tsohuwa ce, amma ba ta tsufa: abin da babba zai faɗa a kama shi, yaro ya faɗa a yi dariya. A lokacin Maurice Duplessis ne firimiyan Kebek, mutum mai riƙon ƙarfe wanda ya mulki lardin daga 1936 zuwa 1939, ya kuma dawo daga 1944 har mutuwarsa a 1959, yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da manyan coci. Cikin irin wannan yanayi Fridolin ke tsokanar 'yan siyasa masu sayen ƙuri'a, da attajirai masu Ingilishi, da su kansu 'yan kallon, da halinsu na sunkuyar da kai su ce haka aka ƙaddara. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi burge ni a aikinsa. Zagin gwamnati kowa na iyawa. Gélinas kuwa ya kan juya madubin ga wanda ya biya kuɗin shiga, ya kuma sa shi dariya yana kallon kansa.

Daga 1938 ya fara shirya babban wasan shekara-shekara a zauren Monument-National, haɗin gajerun wasanni da waƙa da rawa da sharhi kan abubuwan da suka faru a shekarar. Jama'a suka riƙa kiransu Fridolinades, aka ci gaba da yinsu har 1946. Shi ke rubutawa, shi ke ba da umarni, shi ke fitowa, shi ke lissafin kuɗin, aikin da ya riga ya ƙware a kai. Ya tara gogaggun 'yan wasa irin su Fred Barry da Juliette Béliveau. Ya ma taɓa gwada fim tun a lokacin: a 1942 ya ɗauki wani gajeren fim mai launi yana shaguɓe ga sanannen labarin Faransa na La Dame aux camélias, don a haska shi a tsakiyar wasan.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sauya muryarsa. A Afrilun 1942 gwamnatin Kanada ta tambayi jama'a ko sun yarda a tilasta wa samari zuwa yaƙi a ƙetare. Sauran lardunan suka ce sun yarda, Kebek kuwa fiye da kashi 70 cikin ɗari suka ce a'a. Ga yawancinsu yaƙin Ingila ne, ba nasu ba. Gélinas ya rubuta gajeren wasa kan tafiyar sojan dole a 1945, sannan wani kan dawowarsa a 1946, inda sojan ya tarar budurwarsa ta auri wani. Dariyar da ke cikin wannan na biyu ba ta da yawa. Daga shi aka samu irin da ya tsiro ya zama wasan Tit-Coq.

An fara nuna Tit-Coq ranar 22 ga Mayu, 1948. Sunan na nufin ƙaramin zakara, laƙabin wani soja mai saurin fushi, Arthur Saint-Jean, wanda Gélinas da kansa ya fito a matsayinsa. Shege ne, kuma wasan bai kauce wa kalmar ba. An haife shi ba aure, an yi renonsa a gidan marayu na masu hidimar coci, bai taɓa sanin zaman iyali ba. Wani abokinsa soja ya kai shi gidansu bikin Kirsimeti, ya ga uwa da uba da gwaggo a kan teburi ɗaya, ya ga ƙanwar abokin, Marie-Ange, suka so juna. Aka tura shi Ingila. Yana can dangi suka yi ta matsa wa yarinyar har ta auri wani. Da ya dawo ya same ta, son na nan bai mutu ba, suka yi shawarar gudu tare. Sai limamin sojoji ya tuna masa abu guda: babu saki a gare ta, don haka duk ɗan da za su haifa zai tashi da sunan da shi ya sha wuya da shi. Ya haƙura ya tafi shi kaɗai.

Wannan ba ƙirƙirar marubuci ba ce. A Kebek ta wancan zamani babu kotun da ke raba aure. Wanda ke son saki sai an kai maganarsa majalisar dokokin ƙasa a Ottawa an yi masa doka tasa ta kansa, ba a kuma ba kotun Kebek ikon raba aure ba sai 1968. 'Yan kallo sun san wannan, sun san yaran gidan marayu, wasu a cikin danginsu. Har yau ana gardama kan ƙarshen wasan. Wasu na ganin Gélinas ya miƙa wuya ga coci tunda maganar limami ce ta yi nasara. Ni ban karanta shi haka ba. Limamin bai rinjayi sojan da wa'azin wuta da aljanna ba, ya rinjaye shi da tabon da al'umma ta yi masa tun yana jariri, kuma mai kallo na fita zauren yana jin haushin tabon.

An nuna wasan fiye da sau 200 a Montiriyal. Aka fassara shi zuwa Ingilishi, ya samu karɓuwa a Toronto da Chicago. Sai Gélinas ya ɗauke shi zuwa New York a Fabrairun 1951, inda aka rufe shi bayan nuni uku kacal. Asarar ta yi ciwo. Ya dawo gida ya mai da wasan fim tare da darakta René Delacroix, Monique Miller ta fito a matsayin Marie-Ange, fim ɗin kuma ya ci kyautar gwarzon fim na shekara a Kanada a 1953.

A daidai nan talabijin ta iso. Tashar Radio-Canada ta fara watsa hoto a Montiriyal a Satumbar 1952, ta kwashe 'yan kallon sinima da na dandamali. Gélinas ya gwada ta a 1954 da shirin Les Quat' fers en l'air, inda ya fito a matsayin mai shagon aski, amma shirin bai daɗe ba, kuma ba a nan ƙarfinsa yake ba. A 1956 ya je bikin wasannin Shakespeare na Stratford a lardin Ontario, ya fito a matsayin sarkin Faransa a Henry V, Christopher Plummer na sarkin Ingila.

Abin da ke cin ransa shi ne gida. Marubucin Kebek na iya rubuta wasa, amma ina zai nuna shi? A 1957 ya kafa Comédie-Canadienne da taimakon kuɗin kamfanin giya na Dow, ya gyara wani tsohon gidan rawa a titin Sainte-Catherine, da nufin a riƙa nuna ayyukan 'yan ƙasa. A nan Marcel Dubé da wasunsa suka samu dandamali, mawaƙa ma suka samu. Kuɗi dai bai taɓa isa ba, kuma a 1972 ginin ya koma hannun ƙungiyar Théâtre du Nouveau Monde, wadda ke cikinsa har yanzu.

A wannan zaure ya nuna Bousille et les Justes a 1959, wanda a ganina ya fi Tit-Coq ƙarfi. Wani gida ne na masu mutunci daga Saint-Tite, garin haihuwarsa, suka sauka a otal a Montiriyal saboda ana shari'ar ɗansu kan kisan kai. Shaida ɗaya tilo shi ne Bousille, ɗan uwansu na nesa, talaka mai tsoron Allah da suke aike kamar bara. Suna jan carbi suna addu'a, suna kuma lallashinsa, da lallashi ya ƙi suka murɗe masa gwiwarsa mai ciwo har ya yarda ya yi rantsuwar ƙarya. Aka sallami ɗansu. Bousille ya koma gida ya rataye kansa. Wasan ya fito a shekarar da Duplessis ya mutu, shekara guda kafin zaɓen 1960 da ya buɗe sauye-sauyen da suka karɓe makarantu da asibitoci daga hannun coci.

Zamanin da ya taimaka aka buɗe bai jira shi ba. A 1966 ya rubuta Hier, les enfants dansaient, kan uba ɗan siyasar tarayya da ɗansa mai dasa bam don ɓallewar Kebek, a lokacin da bama-baman ƙungiyar 'yan aware ta FLQ ke tashi a Montiriyal tun 1963. Ya yi ƙoƙarin ba kowane ɓangare haƙƙinsa, samari kuwa ba sulhu suke nema ba. Bayan shekara biyu Michel Tremblay ya fito da Les Belles-sœurs, mata goma sha biyar a kicin suna magana da joual, ɗanyen harshen ma'aikatan Montiriyal mai cike da ashar da kalmomin Ingilishi da aka tauna. Kusa da wannan, maganar Fridolin ta zama kamar ta yaro mai ladabi.

Daga 1969 zuwa 1978 ya shugabanci hukumar gwamnatin tarayya mai ba masu shirya fim jari, wadda yanzu ake kira Telefilm Canada. Bai daina fitowa ba: an gan shi a Cordélia a 1980, da Agnes of God na Norman Jewison a 1985, inda ya fito a matsayin tsohon limamin coci tare da Jane Fonda, da Les Tisserands du pouvoir a 1988.

Matarsa ta fari, Simone Lalonde, ta rasu a 1967. A 1973 ya auri 'yar wasa Huguette Oligny, kuma dominsu su biyu ya rubuta wasansa na ƙarshe a 1986, La Passion de Narcisse Mondoux: mai gyaran famfo da ya yi ritaya yana neman auren wata bazawara wadda ita kuma kujerar magajin gari take hari. Mutum biyu ne kawai a dandamali, miji da mata, shi yana da shekara 76, suka yi ta yawo da wasan gari-gari da Faransanci da Ingilishi.

Ya rasu ranar 16 ga Maris, 1999, yana da shekara 89. Jikarsa Anne-Marie Sicotte ce ta rubuta tarihin rayuwarsa, wata jikar kuma, Mitsou, ta yi suna a waƙa. Akwai kyauta da ake ba sababbin marubutan wasan kwaikwayo masu rubutu da Faransanci a Kanada, sunansa take ɗauke da shi.