Takardar Sallama da Haƙƙin Tsohon Soja

A watan Oktoba na 2024 ma'aikatar tsaron Amurka ta sanar da cewa ta gama sake duba takardun sallamar tsofaffin sojoji 851, kuma fiye da 800 daga cikinsu an mayar musu da takardarsu ta zama sallama ta mutunci. Mutanen nan an fitar da su daga soja ne tsakanin 1994 da 2011, lokacin da doka ta ce namiji mai neman maza ko mace mai neman mata za su iya ɗaukar bindiga muddin sun rufe bakinsu, ran da aka sani kuwa sai su kwashe kayansu. Fiye da mutum 13,000 dokar ta ci. Waɗanda aka ba takarda mai tabo sun rasa wani ɓangare na abin da ake ba tsohon soja, kamar magani da kuɗin karatu da rancen gina gida, kuma duk inda suka je neman aiki takardar ce ke fara yin magana kafin su buɗe baki. Ingila ma ta yi irin wannan gyara. Ta janye irin wannan haramci a 2000, firaministanta na lokacin Rishi Sunak ya nemi gafara a majalisa a Yulin 2023, daga baya aka yanke diyyar da za ta iya kaiwa fam 70,000 ga mutum ɗaya.

Na san yadda mutanenmu suke kallon wannan al'amari, kuma ba hukuncinsa na zauna rubutawa ba. Abin da na tabbata shi ne wanda ya kwana gadi cikin sanyi, ya je inda aka tura shi, ya yi aikin da aka ɗauke shi dominsa, to ya ci haƙƙinsa, kuma tone-tonen sirrin mutum don a hana shi abincin tsufansa zalunci ne. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai wani abu ne dabam. Tun 2011 an ba waɗannan mutane damar su rubuta su nemi gyara, kaɗan ne suka iya, domin hanyar doguwa ce, tana son lauya, tana kuma son mutum ya sake buɗe ciwon da ya daɗe da rufewa. Sai a Satumbar 2023 ma'aikatar ta ce ita da kanta za ta buɗe akwatunanta ta nemo su, ba sai sun roƙa ba. Mu a Matameye mun san bambancin waɗannan hanyoyi biyu, domin iyayenmu sun mutu a kan ta farko.

Tun da Faransawa suka kama Damagaram a 1899, ƙasar Kance ta shiga lissafin masu ba da haraji da gyaɗa da samari. Rundunar da ake ɗibar samarin dominta sunanta na Senegal ne, tun da can aka kafa ta a 1857, amma a cikinta akwai Bambara da Mosi da Zabarmawa da Hausawa. Daga 1919 ɗibar soja ta zama aikin kowace shekara, ko da yaƙi ko babu. Kumandan ya aiko wa sarki yawan da ake so, sarki ya raba wa masu gari, a tara samari gaban likitan soja ya auna ƙirji ya duba haƙora, waɗanda suka tsallake a jefa musu ƙuri'a. Wanda ta faɗa wa, shekara 3 ke nan. Ba ɗan mai hali ake yawan miƙawa ba, kowa ya san wannan. Kuma da yake Daura tana nan kusa, iyakar ba ta da shinge, samari da yawa da zarar sun ji ƙishin-ƙishin ɗiba sai su tsallaka ƙasar Ingilishi su zauna wajen dangi har ƙura ta lafa.

Waɗanda suka tafi sun ga duniya ta hanyar da ba su zaɓa ba. Wasu sun yi yaƙin Jamus na 1939 zuwa 1945, na bayansu aka kai su Madagaskar da Indoshin da Aljeriya. Marigayi Seyni Kountché kansa ta wannan hanya ya bi, ya yi Indoshin da Aljeriya kafin a kafa sojan Nijar a 1961. Wanda ya ƙara wa'adi har ya cika shekara 15 yana da fansho, ya dawo gida ya zama gardi ko ɗan aiken ofis, ya yi gidan da ake nunawa da yatsa. Wanda ya gaza cikawa, ko aka rubuta masa wani laifi a ƙarshen littafinsa, ya dawo da jar hular soja da labarai, sai gona.

Ni na san su ne a tsufansu, a shekarun 1980, ina ƙaramin malamin makaranta. A unguwa duk wanda ya iya Faransanci marubucin jama'a ne, ko ya so ko bai so ba. Bayan la'asar sai ka ga tsoho ya zo da ɗan littafin soja a naɗe cikin fata ko leda, ya zauna bakin tabarma ya ce, “Mushe, duba mini nan, me suka ce?” In ce, “To Baba, bari mu gani.” A cikin littafin akwai lambarsa, da ranar da aka ɗauke shi, da ranar da ya hau jirgin ruwa a Dakar, da ranar da ya sauka Marsai ko Saigon, da ranar sallama. Sunan kuwa sau da yawa ba daidai yake da na katin ɗan ƙasa ba, domin magatakardan soja abin da kunnensa ya ji shi ya rubuta, wani lokaci ma sunan garin mutum ya zama sunan ubansa. Shekarar haihuwa kuma kintace ce. Waɗannan ƙananan saɓani su ne suka cinye shekarun mutane da yawa, wasiƙa ta tafi, bayan watanni amsa ta dawo cewa a aiko da shaidar mutum ɗaya ne mai sunayen biyu.

Akwai wani tsoho da ba na mantawa. Ya yi Indoshin, ya yi Aljeriya, aka sallame shi gab da samun 'yanci alhali saura kaɗan ya cika shekara 15. Bai taɓa roƙon sadaka a wasiƙunsa ba. Kullum abin da yake so in rubuta shi ne a sake lissafa masa kwanakinsa, domin ya tabbata watannin da ya kwanta asibitin soja ba a sa su ba. Ko an sa ko ba a sa ba, amsar tana cikin takardun da ke hannun waɗanda yake rubuta wa. Shi da ba ya karatu, mai tafiyar yini kafin ya samu kan sarki na wasiƙar waje, shi aka ce ya kawo hujja. Ya rasu ba a sake lissafin ba.

Su ma masu fanshon ba su tsira ba. Ranar 26 ga Disamba 1959, watanni kaɗan kafin Nijar ta samu 'yanci ranar 3 ga Agusta 1960, majalisar Faransa ta saka wata aya, ta 71, a cikin dokar kasafin kuɗi. Ayar ta ce tsofaffin sojojin ƙasashen da suka samu 'yanci za a daskarar da fanshonsu a kan adadin da yake a lokacin. Na Bafaranshe zai ci gaba da hawa tare da tsadar rayuwa, nasu kuwa ya tsaya cik. Ba a kuma lissafa shi a matsayin cikakken fansho ba, abin da ya sa matan da yawa suka rasa komai ran da mijin ya kwanta dama. Shekara ta bi shekara ratar tana faɗi. A 2006 tsohon sojan da yaƙi ya naƙasa, in Bafaranshe ne yana karɓar kimanin yuro 690 a wata, ɗan Senegal 230, ɗan Kamaru 104, ɗan Maroko ko Tunisiya 61. Rami ɗaya suka kwanta, harsashi ɗaya ya same su. Hujjar da aka riƙa bayarwa ita ce rayuwa ta fi araha a Afirka. Ban taɓa karɓar wannan hujja ba, domin fansho ba taimakon gajiyayyu ba ne, ragowar lada ce ta aikin da aka riga aka yi, kuma ba a tambayi farashin gero a kasuwar garin mutum ba ran da aka tura shi gaban wuta.

Gyaran ya zo, amma dubi tafiyarsa. A 1989 kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba tsofaffin sojojin Senegal fiye da 700 gaskiya, a ƙarar da Ibrahima Gueye ya jagoranta. Faransa ba ta motsa ba. Sai Amadou Diop, wani sarzan ɗan Senegal da ya yi aiki daga 1937 zuwa 1959, ya kai ƙara kotunan Faransa. Babbar kotun da ke hukunci tsakanin gwamnati da jama'a ta yanke ranar 30 ga Nuwamba 2001 cewa an nuna masa wariya. Diop ya rasu tun 1996. A 2006, bayan fitowar fim ɗin Indigènes na Rachid Bouchareb, shugaba Jacques Chirac ya daidaita kuɗin waɗanda suka shiga fagen fama da na naƙasassu. Sauran fanshon sai da kotun tsarin mulki ta soke dokar ranar 28 ga Mayu 2010, aka fara daidaitawa daga farkon 2011. Rabin ƙarni ke nan. Ba a biya bashin waɗancan shekaru ba, kuma don a samu cikakken gyaran sai mutum ya rubuta ya nema. Ka tuna wa ake cewa ya rubuta: tsoho mai shekara 80 da wani abu a wani ƙauye bayan Dungu, ko gwauruwar da ba ta da takardar aure saboda a zamanin da aka ɗaura shi goro da shaidu ne takarda.

Wani lokaci ma ba kuɗin ba ne ciwon, abin da aka rubuta ne. Ranar 1 ga Disamba 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojan Faransa ya buɗe wuta kan sojojin Afirka da suka dawo daga zaman fursuna a hannun Jamusawa, saboda sun ƙi tafiya gida sai an biya su albashinsu da ya taru. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, a 2014 shugaba François Hollande ya ce wataƙila sun haura 70, masana tarihi da dama suna ganin ɗaruruwa ne. Aka gurfanar da 34 daga cikin waɗanda suka tsira aka ɗaure su da laifin bore. An sake su a 1947, amma afuwa aka yi musu, ba a wanke su ba. Ɗaya daga cikin waɗanda aka kashe, M'Bap Senghor, da farko a takarda an rubuta shi cikin waɗanda suka gudu daga soja. Ɗansa Biram ya tsufa yana bin ofisoshi saboda sunan ubansa, sai a 2024 aka sa uban cikin mutum 6 da Faransa ta amince sun mutu dominta. A ƙarshen 2024 ɗin ne shugaba Emmanuel Macron ya kira abin da sunansa, kisan kiyashi. Duk wanda ya san darajar sunan uba a ƙasar Hausa zai gane abin da ya hana Biram Senghor zama.

Maƙwabtanmu na kudu ma sun taɓa yin irin wannan gyara. A 2000 shugaba Obasanjo ya mayar da korar sojojin da suka yi yaƙi a ɓangaren Biyafara ta zama ritaya, shekara 30 bayan an ajiye bindiga, abin da ya buɗe musu ƙofar haƙƙoƙinsu.

Yau da wuya ka samu mai rai cikin waɗanda suka sa jar hula a ƙasar Kance. Saura wasu matansu, da 'ya'ya da jikoki. Takardun aikin sojojin suna can birnin Pau a kudancin Faransa, ofishin fanshon soja yana La Rochelle, ofishin jakadancin Faransa a Yamai kuwa an rufe shi a farkon 2024 bayan juyin mulkin Yulin 2023. Ke nan nisa ya ƙaru tsakanin mai haƙƙi da mai riƙe da hujja. Ina ganin lokaci ya yi da za a daina cewa gwauruwa ta rubuta. Wanda ya ɗebi mutanen yana da sunayensu sarkal bayan sarkal, wato gunduma bayan gunduma, shekara bayan shekara, ya san wanda ya biya da wanda bai biya ba. Shi ya kamata ya zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya aiko da sakamako, har da na matattu, domin magada suna nan. Senegal ta kafa kwamitin masana a 2024 ƙarƙashin Farfesa Mamadou Diouf don bin diddigin Thiaroye, ta kuma nemi a ba ta takardun. Babu abin da zai hana Nijar neman kwafin rajistar ɗibar soja ta sarkal ɗin Damagaram da Magarya.

Kafin nan akwai abin da ke hannunmu. Littattafan soja suna nan cikin adakoki a Matameye da Kance da Yawuri da Ɗan Barto, gara tana cinsu, wasu an zubar da su ran rabon gado saboda ba a san amfaninsu ba. Ɗaliban tarihi na Jami'ar André Salifou da ke Damagaram za su iya zagaya gidajen nan da wayar hannu a hutu ɗaya, su ɗauki hoton kowane shafi, su rubuta sunan mutum na gaskiya da na ubansa da garinsu a gefen wanda magatakarda ya rubuta, su tambayi tsofaffin matan abin da mazansu suka ce suna bin Faransa. Duk wanda ya fara wannan aiki ya fara da matan, don su ne suka fi tsufa.