Wa ke duba masu duba mu? Waiwaye kan ma'aikatan urjans daga 2005 zuwa yau

Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya urjans da tsakar dare ya san fuskar anfirmen da ke gardi: ido ja, magana gajera, wani lokaci har da tsawa. Mukan fito muna cewa ba su da tausayi. Yau bari mu waiwaya baya, mu ga inda wannan gajiya ta samo asali.

Mu fara da 2005. Fari da farin ɗango sun cinye amfanin gona na 2004, hatsi ya yi tsada, sai yara masu tamowa suka yi ta kwarara Maraɗi. A shekarar nan kaɗai ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, galibinsu a jihar Maraɗi. Mafi yawan masu aikin ƴan ƙasa ne. Su ke auna damtsen yaro, su nemi jijiya a hannun da ya bushe, su saka bututun madara ta hanci, kuma su ne ke gaya wa uwa in rai ya yi halinsa. Abin da ya rage musu nauyi shi ne kwaɓin gujiya mai suna Plumpy'nut: yaron da ke iya ci sai a sallame shi gida da rabon mako, gado ya zama na mai tsanani kawai.

A 2006 gwamnati ta mayar da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Alheri ne babba, iyaye mata suka daina ɓoye yara a gida. Amma jama'a sun ƙaru, ma'aikata ba su ƙaru daidai da su ba, kuɗin da ake biyan asibitoci kuma yakan makara. Sai ma'aikaci ya zama shi ke tsaye gaban uba yana ce masa magani ya ƙare.

A 2015 sanƙarau ya auka wa Yamai. Sama da mutum 8,000 suka kamu a ƙasar, fiye da 500 suka rasu, har aka rufe makarantun babban birni a watan Afrilu. A cibiyar Lazaret, cikin zafin bazara, an yi jinya har ƙarƙashin tantuna. Sannan a Satumban 2018 MSF ta sanar cewa a sashen yara na asibitin Magarya kusan yara 10 ke rasuwa kowace rana, saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa sun haɗu tsakiyar damina. Ku yi tunanin wanda ya ga haka da safe, ya koma gida ya tarar da nasa ƴaƴan, gobe kuma ya dawo. Korona ta shigo ranar 19 ga Maris 2020, ma'aikatan lafiya da dama suka kamu, wasu suka riƙa nisantar iyalinsu don tsoron kai musu cuta.

Wannan gajiya tana da suna a ilimi. Tun 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Herbert Freudenberger, ya lura da ita a jikin masu aikin sa kai a wani asibitin talakawa na New York. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa matsala ce da aiki ke jawowa, ta kawo alamunta uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta yi sanyi da aikin, ƙwazo ya ragu. To ka ga, tsawar nan da muke kira rashin tausayi, sau da yawa alama ta biyu ce. Ba muna wanke mai wulaƙanta mara lafiya ba ne, wannan laifi ne ko a ina. Amma mutumin da ya kwana bai runtsa ba shi ya fi kusa da kuskuren lissafin maganin jariri, kuma jaririn namu ne.

Tarihin nan ya koya mana cewa lokutan wahala sanannu ne: sanƙarau da bazara, zazzaɓi da tamowa daga Agusta zuwa Oktoba. Ke nan hukumomi na iya ƙara ma'aikata kafin lokacin, su tabbatar wanda ya yi gardi ya samu hutunsa, su biya alawus a kan kari, su kuma samar da wanda ma'aikaci zai zauna da shi ya amayar da abin da ke cinsa.

Mu ma muna da namu rabo. Mu kai yaro CSI tun ranar farko ta zazzaɓi, kada mu jira sai ya fara jijjiga. Mutum ɗaya ko biyu sun isa rakiya, ba duka unguwa ba. In an tsallake ka an ɗauki wanda ya zo bayanka, duba da kyau, watakila numfashinsa ne ke tafiya. In kuma kana da ƴa ko ƙane mai aikin urjans, ya sauko daga gardi, a bar shi ya yi barci, a hana yara buga masa ƙofa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa masu jinyarsu haƙuri da ƙarfi.